Mai Kashewa da Mai Shanyewa

Ɗan ƙanwata ne ya tono zancen. Ya dawo hutu daga Yamai da waya cike da bidiyon motocin tsere, masu ciki dab da ƙasa, suna shan kwana kamar ƙadangare a jikin katanga. Muna zaune a garejin da nake kai tsohuwar Hilux ɗina a nan Gure, sai ya ce, "Kawu, da za ku bari a rage mata tsawo, da ta bar tangaɗin nan da take yi a kwana."

Maigidan garejin yana ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Daga can ya amsa: "A rage mata tsawo? A Gure? To ɗana, sai ka haɗo mata da garma, in ya so ta riƙa nome mana hanyar Tasker."

A yi wa yaron adalci, bai yi ƙarya ba. Abin da nauyinsa ya taru kusa da ƙasa ya fi wuyar kifewa. Mai lodin amalanke ya san haka bai je lakkol ba: buhunan kanwa a ƙasa, tabarmi a sama. Sai dai kwaltarmu guda ce, wadda ta taso daga Damagaram, tafiyar kilomita wajen 170, ta ratsa mu ta nufi Diffa da Gigimi. Ita ce Hanyar Haɗin Kai, wadda Kanada ta taimaka aka shimfiɗa ɓangarenta na gabas a shekarun 1970. Da ka sauka daga kanta, ko arewa wajen Kelle da Tasker, ko kudu cikin kwarurrukan dabino da kanwa, yashi ne: sawu biyu masu zurfi, da tozo a tsakiyarsu yana jiran cikin motarka.

Ko ita kwaltar suna biyu gare ta. Na Kano, kwalta, daga coal tar na Ingilishi ne, baƙin danƙon kwal. Namu, gudaro, daga goudron na Faransanci, su kuma Faransawa daga ƙaɗiran na Larabci suka aro. Kalmar ta bar hamada, ta haye teku, ta dawo mana sanye da kwat.

Tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa, Faransanci ya kira ta garde au sol. Garde ɗin nan ɗan'uwan gadi ne, na maigadi. Wato tsawon mota maigadin cikinta ne, shawarar ɗan ƙanwata kuwa ita ce a sallami maigadi don a ji daɗin kwana. Na tuna masa kuma cewa sunan motar, tun fitowarta a 1968, haɗi ne na high da luxury, kuma high sama ce. Na san saman daraja masu kamfanin suke nufi, ba ta tsayi ba, amma ban ga dalilin faɗa masa ba a lokacin.

Saura tambaya ta gaskiya: ba a taɓa tsawo ba, me za a taɓa motar ta natsu? Da na bi amsar sai na tarar rabinta tana cikin sunaye.

Mu fara da sunan abin gaba ɗaya. Bature, na Ingila da na Faransa, suspension yake cewa, daga wata kalmar Latin mai nufin rataya. Ba banza ba. Kekunan dawakin Turai na da, akwatin da mutane ke zama a ciki rataye yake da igiyoyin fata, yana lilo kamar ragaya. Fatar ta tafi tun tuni, sunan ya zauna. Bahaushe kuwa bai ɗaga kai ya ga rataya ba, ƙasa ya duba ya ce ƙafa. "Ƙafar motar nan ta mutu." "Aikin ƙafa za a yi mata." Kuma ba taya kaɗai yake nufi ba, har duk ƙarafan da ke tsakanin taya da gangar jiki.

Bature ya ga kaya a rataye, Bahaushe ya ga dabba a tsaye. Ina tare da Bahaushe. Wanda ya ɗauki abin a matsayin ragaya zai iya tunanin rage mata igiya. Wanda ya ɗauke shi ƙafa ba zai ce a datse ta ba don mai ita yana tangaɗi, gwiwa zai lalubo.

Sai ƙarfen da ke ɗauke da nauyin. A Kano sifirin, daga spring. A bakin kanikawanmu rasor, daga ressort. Dukansu biyu motsi suka kama: na Ingilishi zabura, shi ya sa da kalmar suke kiran maɓuɓɓugar ruwa da lokacin tohon ganye, na Faransanci sake fitowa, kamar wanda aka danna cikin ɗaki ya dawo waje.

Amma rasor iri biyu ne, kuma motata tana da duka. A gaba na murɗe, kamar yadda kowace Hilux take tun samfurin 2005. A baya na falle-falle, ƙarafa masu faɗi an jera su kan juna, kowane ya fi na ƙasansa tsawo. Wannan na biyu tsoho ne tukuf: wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar nasa samfurin tun 1804. Shi ke ƙarƙashin Fijo 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda muke kira bashe saboda tamfal ɗinsu, ƴan Najeriya kuma suke kira a-kori-kura. Shi ne kuma a ƙafa huɗu na manyan Land Cruiser jerin 70 daga 1984, har sai a 1999 da aka mai da na gabanta na murɗe.

Kowane falle, Ingilishi ya ce leaf, ganye. Faransanci ya ce lame, ruwan wuƙa, kalmar da muke kiran reza da ita a nan, lam. Jamusawa suka haɗa ganye da gashin tsuntsu suka ce Blattfeder. Mutanen Sifen suka ce ballesta, Italiyawa balestra, wato bakan yaƙi. Ganye, wuƙa, gashin tsuntsu, baka. Ganye ba ya ɗaukar buhu talatin, wuƙa ba a son ta lanƙwasa, amma baka, a ja shi ya tanƙwara, a sake shi ya koma, wannan shi ne aikin. Da za a ba ni alƙalamin raɗa suna, bakan mota zan rubuta.

Fallen da ya fi tsawo, mai ido a kowane gefe, shi ne lame maîtresse, uwargidan lam. A nan Faransanci da Hausa sun yi musabaha, don mu ma babban abu uwa muke kiransa: uwar garke, uwar kuɗi.

Maganin gida na kowace motar lodi a yankin nan shi ne "a ƙara mata lam." Ana ƙarawa, baya ya ɗaga, ta ɗauki awaki da jarkoki ba ta durƙusa ba. Ranar da ta dawo wayam kuwa sai ta zama jakin da aka sauke wa kaya, gindi yana tsalle, tayun baya suna rabin lokacinsu a iska. Taya a iska ba ta birki, ba ta kwana. Abin da ya fi shi ne lam mai hawa biyu: na sama mai taushi yana aiki kullum, na ƙasa mai kauri yana zaune kawai, ba ya sa hannu sai kaya sun danno.

Yanzu ga wanda ya hana ni barci.

Kusa da kowace taya akwai wani bututun ƙarfe a tsaye ko a karkace. A Kano shokazoba, ko shok a gajarce. A Gure amotisar. Ƙarfe ɗaya ne, kamfani ɗaya, kwali ɗaya, amma sunayen biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Shock absorber: mai shanye duka. Amortisseur: a tsakiyarsa akwai mort, mutuwa. Mai kashewa ke nan. Da wannan fi'ilin Bafaranshe ke kashe bashi kaɗan-kaɗan, da shi ɗan ƙwallonsu ke kashe ƙwallo a ƙirji. Kunnen Bahaushe ba zai ji baƙunta ba, mu da muke kashe ƙishirwa, mu kashe fitila, mu kashe magana.

Wa ya fi gaskiya? Bafaranshe, ba ko tantama. Idan taya ta faɗa rami, ba bututun nan ke shanye dukan ba, rasor ne. Matsalar rasor ita ce ba ya riƙe amana: abin da ya karɓa sai ya mayar, ya sake karɓa, ya sake mayarwa, mota ta yi ta sukuwa bayan an wuce ramin da nisa. Aikin bututun shi ne ya kashe wannan sukuwar. A cikinsa mai ne da fistan mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da ƙafa za ta yi sai ta tura man ta waɗannan ƙofofin, motsin ya koma zafi, zafin ya bi iska. Injiniyoyin Ingila ma sun san sunan kasuwarsu ya kauce, shi ya sa a tsakaninsu damper suke cewa, mai dusashewa.

Larabawan Masar da na Saudiyya sun kauce wa gardamar. Musa'id suke cewa, mataimaki. Suna ne mai ladabi, irin wanda ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma gaya maka kome.

Kada a ce wannan tsugudidin malamai ne. Wanda ya ɗauka bututun ne ke ɗauke da nauyi, idan motarsa ta durƙusa shi zai canza, ta ci gaba da durƙuso. Idan kuma tana sukuwa sai ya ƙara lam, ta ƙara sukuwa. Na ga an yi duka biyun, ɗaya ma da kuɗina.

Maƙiyin amotisar a ƙasar nan ba rami ba ne, gargada ce. Ku saurari kalmar: gar-ga-da. Haƙoranka ma suna faɗinta in kana kanta. Bafaranshe ya ce tôle ondulée, kwanon rufi. Ba'amurke ya ce washboard, allon wanki. Su sun kwatanta abin da ido ya gani, mu mun rubuta abin da ƙashi ya ji. A kan gargada fistan yana kai da komo sau da yawa cikin daƙiƙa guda, mai ya yi zafi, ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta tare kome. Sai ka ji motar da ta fito gida a natse ta fara yawo a hannunka bayan tafiyar awa ɗaya.

Wani injiniyan Faransa, Christian Bourcier de Carbon, shi ya fito da maganin a farkon shekarun 1950: bututu guda, da iska matsattsiya a ƙarshensa tana danne man don kada ya yi kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauki dabarar, a 1957 ta shiga motocin Mercedes. Shi ne muke kira amotisar mai gas. Sunan mutumin Carbon, gawayi, amma iskar da ya ɗura ba ta gawayi ba ce, naitirojin ce, wadda Faransanci ke kira azote, daga Girkanci: marar rai. Mai kashewa cike da iska marar rai. Ban san wani ƙarfe da aka tara wa mutuwa a suna kamar wannan ba, ga shi kuwa shi ne ke riƙe da rayukan fasinja.

Yana da nasa aibi. Bututu guda yana saurin huce zafi, amma in dutsen hanya ya loɓa shi, fistan ya maƙale. Mai bututu biyu ya fi saurin gajiya, sai dai rigarsa ta waje garkuwa ce. Ko wanne aka zaɓa, bibbiyu ake canza su, dama da hagu tare.

Maigidan gareji yana da gwajinsa. Bayan an sha gargada, a tsaya, a taɓa kowane bututu da bayan hannu, a hankali. Mai ɗumi yana aiki. "Wanda kuka ji da sanyi, Malam," in ji shi, "gawa ce."

Shi kuma tangaɗin da ya dami ɗan ƙanwata, akwai ƙarfen da aka yi dominsa: sanda ce da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, in mota ta karkata sai ta murɗe, ta ja ta ta miƙe. Kanikawan Kano sitabilaiza, namu bar. Cikakken sunanta barre anti-roulis, roulis kuwa maganar matuƙan jirgin ruwa ce, karkatar jirgi dama da hagu. Tagwayensa tangage, dungurin gaba da baya. Da na fara jin tangage na yi tsalle, na ce ga tangaɗi ya je Faransa. Bai je ba. Kunne ne kawai ya haɗa su, kuma ma sun saɓa hanya: nasu gaba da baya, namu gefe da gefe.

A wannan fagen ba mu buƙatar aro. Tangaɗi na wanda ƙafa ta ƙi ɗauka ne. Rangaji na reshe ne da na amarya, akwai daɗi a cikinsa. Layi na mai jiri. Sukuwa ta doki. Rawa ta sitiyari. Direban da ya zaɓi kalmar da ta dace ya yi wa bakanike rabin aiki: sukuwa tana nuna amotisar, tangaɗi a kwana yana nuna bar da robobinta, rawa tana nuna taya ko gaɓoɓin sitiyari.

Ana sa bar mai kauri, tangaɗi ya ragu, tsawo bai taɓu ba. A kan kwalta wannan ita ce amsar yaron kai tsaye. Amma sandar da ta hana mota karkata ita ce ke hana ƙafa ɗaya sauka cikin kwari yayin da ɗayar ke kan tudu, sai taya ta rataye tana juyi a banza. Kuma in aka cika kaurin ta gaba, mota ta ƙi kwana, hancinta ya miƙe. In ta baya ce, gindi ya riga kai. Mai zirga-zirgar Damagaram zai ji daɗinta. Mai hanyar daji ta Termit ya yi tunani sau biyu.

Ƙananan kuma, waɗanda ba a cika yi musu waƙa ba. Robar da ke zaune a kowane ido na ƙarfe, mu silambulok, daga Silentbloc, sunan kasuwa ne da ya zama sunan kowa, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo. Kalmomin Ingilishi ne biyu, dunƙule mai shiru, amma Ingilishin kansa bai riƙe su ba, bushing yake cewa, Kano ta mai da shi bushin. Da bush na daji ba su haɗa kaka ba, ko da yake daji ne ke cinye shi. Zafinmu yana tsattsaga roba, yashi ya shiga ya ƙarasa. Sabon amotisar a kan mataccen silambulok, sabon sirdi ne da ruɓaɓɓen majayi.

Rotil, gaɓar ƙafar mota, daga rotule, ƙoƙon gwiwa a bakin likitan Faransa. Kun ga har su sun dawo ga ƙafa. Ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe da tayar gaba kuma, su triangle, mai kusurwa uku; Ingilishi wishbone, ƙashin ƙirjin kaza; mu da gwafa a kowace rumfa ba mu rasa abin kwatance ba.

Taya ita ce rasor na farko, kuma gyaranta kyauta ne. Sunanta na Faransanci, pneu, daga kalmar Girkanci ne mai nufin numfashi. A yashi ana sace mata iska don ta baje kamar tafin raƙumi. Kuskuren shi ne a hau kwalta a mance ba a mayar ba, mota ta yi ta layi, a zargi amotisar da bai ci ba bai sha ba. Mai iskanmu da kilo yake awo, na Kano da fam, kilo ɗaya kuwa ya ɗan haura fam 14. Wanda ya ce a sa masa "biyu" a Kano, ko "talatin" a Gure, zai sha kallo.

To ita natsuwar da ake nema, me sunanta? Ingilishi handling, daga hannu: yadda mota ke bin hannun direba. Faransanci tenue de route, riƙon hanya. Ɗaya yana kallon abin da ke tsakanin mota da mutum, ɗayan abin da ke tsakaninta da ƙasa. Direbobin tasharmu suna da duka biyun: "tana jin sitiyari," kamar dokin da ke jin linzami, da kuma "ta zauna a hanya." Zama, ba gajarta ba. Raƙumi ya fi kowa tsawo a kasuwa, bai hana shi zama daram a kan tudun yashi ba.

Akwai wasu kayan ƙafa na kamfanin ARB na Ostareliya, ƙasar da ita ma ta san gargada, masu suna Old Man Emu. Emu ƙanwar jimina ce. An zaɓi sunan ne don yadda tsuntsuwar ke gudu a kan ƙasa marar daɗi, ƙafafu suna ta aiki, jiki yana tafe sumul. Mu ba sai an nuna mana hoto a kwali ba. A Kelle, arewa da mu, akwai wurin da ake kiwon jimina mai jan wuya don a mayar da ita dajin da ta ƙare a cikinsa. Duk wanda ya ga ta zabura ya ga dogayen ƙafafu da natsattsen jiki a halitta ɗaya.

Da la'asar maigidan ya fito daga ƙarƙashin motar ya yanke hukunci: amotisar huɗu masu gas, silambulok duka, robobin bar, a cire lam ɗin da wani ya ƙara shekarun baya, a sauke jarkokin ruwa daga rufi su koma ciki. Na kira shi bakanike a rubutun nan, kuma ko wannan abin dubawa ne. Mechanic ya shigo Hausa a matsayin makaniki, sai kunne ya ji kamar ba- ɗin Bakano da Bakatsine, aka ce bakanike, jam'i kanikawa, kamar akwai wani gari Kanike da suka fito daga cikinsa.

Kayan kuwa daga Ƙofar Ruwa ta Kano za a sayo, don haka sai da aka rubuta takardar sau biyu a bayan kwalin siga. Hagu: amotisar, silambulok, rotil. Dama: shok, bushin, boljoyin. Aka gargaɗi yaron da za a aika kada ya karɓo jabu, in sabo ya gagara ya nemi ɗan Beljiyam mai kyau, wanda a wannan gefen iyaka ake yi wa kirari da France au revoir.

Saura wata ƴar dunƙulalliyar roba a saman gadar baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayun baya, wadda ke tare ƙarfe kada ya daki ƙarfe in lam ya kai maƙura. Tawa ta gutsure. Na ce, "Maigida, wannan fa, me za a rubuta?"

Ya juya ta a hannu, ya goge ta da gefen rigarsa, ya jefa wa yaron.

"Sa ta a aljihu. Wannan nuna ta ake yi."